Yadda ake tayar da modem ɗin layin tarho a kan Linux

Modem ɗin layin tarho ba ya kawo intanet da kansa. Lamba yake bugawa, wani modem ɗin ya ɗaga a can, su daidaita sauti a tsakaninsu, sannan kwamfutocin biyu su fara musayar bayanai ta cikin igiyar tagulla. Don haka kafin a zo maganar direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'ura, sai mutumin Kano ya amsa tambaya guda: wace lamba zan kira, kuma ta wane layi?

Layukan NITEL masu lambar 064 su suka riƙe wannan aiki a garin nan a da. Da GSM ta shigo a 2001, mutane suka yi ta ajiye tarhon tebur, igiyoyin suka lalace ba mai gyara, masu sayar da intanet kuma suka koma wasu hanyoyin. Ko a Amurka, kamfanin AOL ya rufe nasa intanet ɗin na layin tarho a ƙarshen Satumban 2025. Duk da haka amfanin abin bai ƙare ba. Makarantu da asibitoci da otal-otal da yawa suna da intakom, wato tarhon cikin gida mai haɗa ofis da ofis, igiyarsa ta riga ta ratsa daga wannan gini zuwa wancan. Da modem biyu za ka haɗa kwamfutoci biyu ta wannan igiyar, a nisan da kebul ɗin netwok ba ya kaiwa, tunda shi iyakarsa mita 100. Akwai masu tsohuwar na'ura da ba ta san wata hanya ba sai modem, akwai masu faks, akwai kuma ɗalibai masu son su ga yadda haɗin kwamfuta yake tun daga tushe. Umarnin da zan kawo na Debian ne da danginsa, wato Ubuntu da Linux Mint.

Aikin hawa-hawa ne. Linux ya ga modem, modem ya amsa magana, layi ya yi ƙara, a ɗaga a can, PPP (ƙa'idar da ke ɗaukar bayanan intanet a kan layin) ya tashi, sannan a samu hanyar fita. Kada ka taɓa mataki na gaba sai ka ga shaidar na baya da idonka. Yawancin masu kwana suna sauya saiti, matsalarsu tana can ƙasa a matakin da suka tsallake.

Wane irin modem ne a hannunka

Nan ne ake cin nasara ko a faɗi. Modem iri biyu ne. Akwai cikakke, mai ƙwaƙwalwarsa a jikinsa, shi yake juya bayanai su zama sauti, abin da kawai yake so daga kwamfuta shi ne ƙofar da za a yi masa magana. Irin wannan ba ya neman wani direba na musamman a Linux. Akwai kuma wanda ake kira winmodem, wanda aka cire masa mafi yawan ƙwaƙwalwar don a rage tsada, aka mayar da aikin cikin direban Windows. Kamar injin markaɗe ne da aka sayar maka babu motar da ke juya shi. Kusan duk ƙananan katunan PCI masu araha da modem ɗin cikin tsofaffin laftof irin wannan ne.

Idan kati ne a cikin kwamfuta, buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta:

lspci -nn | grep -i -E "modem|communication"

A ƙarshen layin da zai fito akwai lambobi biyu da ɗigo biyu a tsakaninsu. Ta farkon ita ce lambar kamfanin da ya ƙera IC ɗin, kuma ita ce abin dubawa, ba sunan da ke jikin kwali ba. 14f1 Conexant ne, 11c1 Lucent ko Agere, 134d PCTel, 1057 Motorola, 12b9 US Robotics. A wasu laftof ba za ka ga komai a nan ba, domin modem ɗin yana rataye ne a jikin katin sauti. Sai ka duba da wannan:

grep -i modem /proc/asound/card0/codec*

An yi wa wasu winmodem direbobi a baya. Na Conexant, wato HSF da HCF, kamfanin Linuxant ne ya yi su, na kyautar kuma an taƙaita gudunsa a 14.4k, wato kilobit 14.4 a daƙiƙa. Na Lucent akwai ltmodem da martian. Na Smart Link akwai slmodemd, wanda ke ƙirƙirar ƙofa mai suna /dev/ttySL0. Dukkansu suna ɗauke da wani rufaffen ɓangare da kamfani bai bayyana yadda aka rubuta shi ba, kuma an daɗe da daina sabunta su, yawancinsu na tsarin 32-bit ne. A sabon Linux, da ƙyar suke tashi, in ma sun tashi. Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: idan ba tsohon Linux kake amfani da shi a tsohuwar kwamfuta ba, ka ajiye winmodem ka nemi cikakke.

Cikakken da ya fi rashin rigima shi ne na waje mai kebul ɗin siriyal, irin su Sportster da Courier na US Robotics. Sai na USB masu bin ƙa'idar CDC ACM, kamar USR5637 da Zoom 3095, waɗanda Linux ke ganewa da zarar an soka. Amma ka sani ba kowane na USB ne cikakke ba, akwai winmodem a cikinsu.

Idan ka shiga wajen masu kayan kwamfuta na hannu a Beirut Road ko Sabon Gari ka ce kana neman modem, na sim za a miƙo maka. Ka ce, "Alhaji, na layin tarho nake nema, irin na faks, mai ramin waya biyu a baya." Idan an zaƙulo shi, juya bayansa. Za ka ga ramuka biyu ƙanana, ɗaya an rubuta LINE ko TELCO, ɗaya PHONE, da faffaɗan soket mai rami 25 ko 9, da wurin wuta. Adaftar wutar ita ce abin lura. Kayan da suka fito daga Amurka adaftarsu ta 120V ce, wutarmu kuwa 230V ce, tana shiga soket za ta ƙone. Kuma da yawa daga cikin waɗannan modem ɗin wutar AC suke ci daga adafta, ba DC ba, saboda haka ba kowace caja mai baki iri ɗaya za ta yi ba. Karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin modem ɗin, ka nemi daidai shi. Kebul ɗin siriyal ma iri biyu ne masu kama da juna: miƙaƙƙe na modem, da wanda aka harɗe wayoyinsa don haɗa kwamfuta da kwamfuta, ana ce masa null modem. Miƙaƙƙen kake so. Idan kwamfutarka ba ta da ƙofar siriyal, ka haɗa da adaftar USB zuwa siriyal, mai IC ɗin FTDI in da hali.

Tara manhajoji

Abubuwa uku kake bukata: ppp mai tayar da PPP, wvdial mai buga lamba, da minicom na magana da modem kai tsaye. Idan kwamfutar za ta iya ɗan aron intanet daga wayarka, magana ta ƙare:

sudo apt install ppp wvdial minicom

Idan ba hali, nemi wata kwamfutar mai intanet wadda Linux ɗinta iri ɗaya ne da naka har lambar fitowa, kuma ba a taɓa sa mata waɗannan manhajojin ba. A can ka rubuta:

sudo apt-get install --download-only ppp wvdial minicom

Fayilolin za su sauka a /var/cache/apt/archives. Kwashe su a filas, ka kai taka, ka shiga inda suke ka rubuta sudo dpkg -i *.deb. Kada ka ɗauki wvdial shi kaɗai, yana tafe da libwvstreams da libuniconf, babu su ba ya tashi.

Sai izini. Ƙofofin siriyal na rukunin dialout ne, pppd kuma, wato manhajar da ke zuwa cikin ppp, na rukunin dip:

sudo usermod -aG dialout,dip $USER

Fita daga asusunka ka sake shiga, in ba haka ba canjin ba zai kama ba.

Linux ya gan shi?

Kunna modem, soka kebul, ka rubuta:

sudo dmesg | grep tty

Ƙofar da Windows ke kira COM1 ita ce /dev/ttyS0 a nan, COM2 kuma /dev/ttyS1. Layin da kake son gani zai ambaci ttyS0 da 0x3f8 da 16550A. Idan babu shi alhali ƙofar tana jikin kwamfutar, to an kashe ta a BIOS, shiga ka kunna. Adaftar USB zuwa siriyal tana fitowa da sunan ttyUSB0, cikakken modem na USB kuma ttyACM0. Idan lsusb ya nuna modem ɗin amma babu ttyACM0, mai yiwuwa winmodem ne.

Manhajoji biyu suna yawan shiga tsakani. ModemManager, mai kula da modem na sim, yakan riƙe ƙofar yana yi mata tambayoyi. Dakatar da shi muddin kana gwaji:

sudo systemctl stop ModemManager

Ta biyun ita ce brltty, wadda aka yi don allon rubutun makafi. A Ubuntu 22.04 takan ƙwace adafta mai IC ɗin CH340, sai ka ga ttyUSB0 ya bayyana ya ɓace nan take. Idan babu mai bukatarta a wannan kwamfutar, cire ta da sudo apt remove brltty. Idan akwai, bar masa ita ka canja adafta.

Magana da modem baki da baki

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, alhali ya fi kowanne amfani. Modem yana jin umarnin AT, yaren da kamfanin Hayes ya fito da shi a 1981, wanda har yau modem na sim ma da shi ake yi masa magana. Buɗe minicom:

minicom -D /dev/ttyS0 -b 115200

Rubuta AT ka danna Enter. Idan ya mayar maka da OK, to wuta da kebul da ƙofa da izini duk lafiya. Idan ba ka ganin abin da kake rubutawa, rubuta ATE1 a makance ka danna Enter. Idan shiru, ka dubi fitilun gaban modem ɗin: a yawancinsu TR takan kama idan kwamfuta ta buɗe ƙofa, SD da RD kuma su yi ƙyaftawa duk lokacin da ka danna harafi. Babu motsi ko kaɗan, to ko dai ƙofar da ka zaɓa ba ita ba ce, ko kebul ɗin harɗaɗɗe ne.

Da ka samu OK, rubuta AT&F don a mayar da shi saitin kamfani, tunda ba ka san abin da mai shi na da ya bari a ciki ba. ATI3 yakan faɗi sunansa.

Yanzu layi. Tun kafin ka sa modem, soka tarho na hannu a soket ɗin bango ka ɗaga ka saurara. Ƙarar layi ta fito tsaf? Danna lamba guda don ƙarar ta ɗauke, ka kasa kunne. Idan kana jin ƙaras-ƙaras ko gunji, modem zai fi ka jin sa. A gine-ginenmu sau da yawa laifin mahaɗar waya ne da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, ƙurar hunturu ta shiga, damina ta zo ta sa tsatsa. A yanke a sake haɗawa da kyau. A kuma raba igiyar tarho da ta wutar lantarki, kada su tafi a bututu ɗaya.

Gargaɗi ga masu intakom: modem na layin analog ne kawai, wato wanda tarho na gama-gari ke aiki a kansa. Ramin da aka ware wa tarhon dijital na musamman yana iya lalata modem. Injinan intakom irin KX-TES824 na Panasonic suna karɓar tarho na gama-gari, amma kowane iri ne a ofishinku, ka fara gwadawa da tarho mai araha. Idan ya yi aiki, modem zai yi.

Soka igiyar a ramin LINE, ba PHONE ba. A minicom rubuta:

ATM2L2H1

Wannan ya ce a buɗe lasifikar modem, a ɗaga layi. Ya kamata ka ji ƙarar layin daga cikin akwatin. Ajiye da ATH0. Sai ka gwada kiran wani tarho da ke kusa da kai, misali lamba 102:

ATDT102

Idan ya yi ƙara, ka wuce wannan mataki. Idan ya ce NO DIALTONE alhali kai kunnenka ya ji ƙarar, to sautin intakom ɗin ne bai yi kama da wanda modem ya sani ba. Rubuta ATX3, wanda ke sa shi ya buga lamba ba tare da jiran ƙarar ba. Idan sai an danna 9 ko 0 kafin a samu layin waje, sa waƙafi bayanta, kamar ATDT9, sannan lambar. Kowane waƙafi jiran daƙiƙa 2 ne. BUSY na nufin ana kan layin, NO CARRIER kuma na nufin ba a samu modem a can ba ko sun kasa daidaitawa. Don fita daga minicom, danna Ctrl da A, ka saki, ka danna X. Lallai ka fita, domin manhajoji biyu ba sa riƙe ƙofa ɗaya.

Saita wvdial

sudo wvdialconf /etc/wvdial.conf

Zai bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya yana aika AT, idan ya samu mai amsawa ya rubuta saitin da kansa. Buɗe fayil ɗin da sudo nano /etc/wvdial.conf ka gyara shi ya koma kamar haka:

[Dialer Defaults]
Modem = /dev/ttyS0
Baud = 115200
Init1 = ATZ
Init2 = ATQ0 V1 E1 S0=0 &C1 &D2 +FCLASS=0
Init3 = ATX3 M1 L1
Dial Command = ATDT
Phone = 102
Username = dalibi
Password = kalmarka
Stupid Mode = 1

Layukan Phone da Username da Password suna zuwa da alamar ; a gabansu, wadda ke sa a yi watsi da su. Goge ta. Baud ɗin nan gudun da ke tsakanin kwamfuta da modem ne, ba na layi ba, don haka bar shi a 115200 ko da modem ɗin 33.6k ne, saboda modem yana matse bayanai kuma yana bukatar sarari. Layin ƙarshe yana sa wvdial ya tayar da PPP da zarar an haɗu, maimakon ya tsaya jiran a tambaye shi suna. Tunda kalmar sirri tana cikin fayil ɗin a fili, rufe shi da sudo chmod 600 /etc/wvdial.conf.

Sai ka rubuta sudo wvdial ka saurara. Za ka ji bugun lamba, ƙarar kira, wani siririn fito, sannan shuuu mai kama da rediyon da ya rasa tasha. A wannan lokacin modem biyun suna auna layin ne, suna neman gudun da zai iya ɗauka. Bayan nan CONNECT zai fito, sai layukan local IP address da remote IP address. Kada ka rufe taminal ɗin, haɗin yana raye ne muddin wvdial yana gudana. Ctrl da C ke katse shi.

Idan ka ga CONNECT 115200, ba gudun layin ke nan ba, na kebul ne. A modem masu IC ɗin Rockwell ko Conexant, ƙara W2 a Init3 zai sa ya faɗi na gaskiya.

Idan an haɗu sai ya yanke, wvdial zai ba ka lambar da pppd ya fita da ita, kuma lambar tana faɗin inda ciwon yake. 19 na nufin ɗaya ɓangaren bai karɓi sunanka ko kalmar sirrinka ba. 10 na nufin an kasa cimma yarjejeniyar PPP. 16 na nufin modem ya ajiye layi, wanda galibi laifin layi ne mai hayaniya ko wani ya ɗaga tarho a kan layin. 2 kuskure ne a rubutun saiti. Don ganin cikakken bayani, ƙara kalmar debug a layi na kanta cikin /etc/ppp/peers/wvdial, ka buɗe wata taminal da sudo journalctl -f kana kallo yayin da ake kira.

Layin da ke yawan yankewa, maganinsa a rage gudu. A modem da yawa wannan na aiki:

Init4 = AT+MS=V34

Ya hana shi neman 56k, ya tsaya a 33.6k zuwa ƙasa. Haɗin da ya zauna daram a 28.8k ya fi wanda ke kai 45k yana faɗuwa. Idan layin naka na intanet ne da aka juya zuwa tarho da ƙaramin akwati, sai an sa shi a tsarin sauti na G.711, domin na G.729 yana matse sauti yadda modem ba zai gane komai ba, kuma ko a G.711 ɗin ƙaramin gudu ne ke zama.

An haɗu amma shafi ba ya buɗewa

Abu biyu ne ke jawo wannan, kuma gwaji biyu ke raba su. Da farko:

ping -c 3 8.8.8.8

Idan babu amsa, duba ip route. Layin da ya fara da default shi ne hanyar fita, kuma ya kamata ya ambaci ppp0. pppd ba ya ture hanyar da ya tarar, saboda haka idan akwai Wi-Fi ko kebul a haɗe, bayanai can za su bi. Kashe su, ko ka rubuta:

sudo ip route replace default dev ppp0

Idan lambar tana amsawa amma ping -c 3 debian.org ba ya yi, matsalar DNS ce, wato mai fassara suna zuwa lamba. Tabbatar akwai usepeerdns a /etc/ppp/peers/wvdial. A Ubuntu, inda systemd-resolved ke riƙe da wannan aiki, faɗa masa kai tsaye:

sudo resolvectl dns ppp0 8.8.8.8
sudo resolvectl domain ppp0 "~."

Ɓangaren mai ɗagawa

Ga mafi yawanmu a Kano, mu za mu zama kamfanin intanet ɗin kanmu. A ce ofishin shugaban makaranta yana da intanet, ɗakin karatu da ke can ƙarshen harabar ba shi da shi, amma intakom ya haɗa su. Kwamfutar ofis ita za ta ɗaga kira. Ita ma a bi da ita duk matakan baya har modem ɗinta ya ce OK, a kashe mata ModemManager gaba ɗaya da sudo systemctl disable --now ModemManager, sannan:

sudo apt install mgetty ppp

A ƙarshen /etc/mgetty/mgetty.config ƙara:

port ttyS0
speed 115200
data-only y
rings 2

A /etc/mgetty/login.config nemi layin AutoPPP, ka mayar da shi haka, babu alamar # a gabansa:

/AutoPPP/ - a_ppp /usr/sbin/pppd auth require-pap debug

Ƙirƙiri /etc/ppp/options.ttyS0 mai layi biyu. Na farko lambar IP ta mai ɗagawa ce da ta mai kira:

192.168.50.1:192.168.50.2
ms-dns 8.8.8.8

A /etc/ppp/pap-secrets ƙara suna da kalmar da ka sa a wvdial:

dalibi * "kalmarka" 192.168.50.2

PAP, wato hanyar tantance suna da muka zaɓa a nan, yana aika kalmar sirri ba a ɓoye ba. A igiyar cikin gida ba damuwa sosai, amma kada ka sa kalmar da kake amfani da ita a wani wuri.

mgetty, wato manhajar da ke ɗaga kiran, yakan fita bayan kowane kira, saboda haka sai an sa mai tayar da shi. Rubuta /etc/systemd/system/mgetty.service:

[Unit]
Description=mgetty

[Service]
ExecStart=/sbin/mgetty -D ttyS0
Restart=always

[Install]
WantedBy=multi-user.target

Kunna shi da sudo systemctl enable --now mgetty. Kira lambar da tarho na hannu. Bayan ƙara biyu ya kamata a ɗaga, fito ya cika maka kunne. Abin da ya rage shi ne a bar mai kira ya wuce zuwa intanet:

sudo sysctl -w net.ipv4.ip_forward=1
sudo iptables -t nat -A POSTROUTING -s 192.168.50.0/24 -o eth0 -j MASQUERADE

A madadin eth0 sa sunan katin da ke da intanet, ip link zai nuna maka shi. Waɗannan biyun suna gogewa idan an kashe kwamfuta. Na farkon a rubuta shi a wani fayil cikin /etc/sysctl.d, na biyun a adana shi da iptables-persistent.

Kada ka yi tsammanin 56k a irin wannan haɗin ko da an rubuta shi a jikin modem biyun. Ƙa'idar V.90 ta 1998 da V.92 da ta biyo ta suna kai wannan gudun ne kawai idan ɓangaren mai ɗagawa yana haɗe da layin dijital na kamfanin tarho. Modem biyu na gida iyakarsu V.34, wato 33.6k.

Zama da wannan gudun

33.6k kusan kilobayit 4 ne a daƙiƙa, wato megabayit ɗaya zai ci minti huɗu da wani abu. Linux na zamani yana ɗauka intanet a yalwace yake, yana iya cinye layin duka da sabuntawa a ɓoye kai kana zaton haɗin ne ya mutu. Dakatar da su:

sudo systemctl stop apt-daily.timer apt-daily-upgrade.timer
sudo snap refresh --hold

Na biyun na masu Ubuntu ne. Manyan shafukan yau ba za su buɗu da daɗi ba. Abin da ke tafiya lafiya shi ne rubutu: imel, lynx ko w3m don karanta shafi, NetSurf ko Dillo ga mai son ganin ɗan hoto, ssh -C don shiga wata kwamfutar, da tura ƙananan fayiloli irin sakamakon jarrabawa ko lissafin kaya.

Wuta kuma sai an kula. Sa modem a kan UPS ɗaya da kwamfuta, da injin intakom ɗin ma in zai yiwu, domin duk lokacin da aka ɗauke wuta ko aka juya zuwa janareto haɗin zai yanke. Da damina kuwa, igiyar da ta ratsa sararin sama tsakanin gini biyu tana jawo tsawa kai tsaye zuwa modem, daga nan ta bi kebul ta shiga kwamfuta. Kashe soket ba ya hana wannan. Da hadari ya haɗo, a zare igiyar tarhon daga bayan modem, a kowane ɓangare.

Wanda yake da tsohon modem na sim mai USB, wannan saitin na wvdial zai yi masa aiki da ɗan gyara. Ƙofar takan zama /dev/ttyUSB0, lambar kira *99#, sai a sauya Init3 da AT+CGDCONT=1,"IP","sunan APN", inda za ka sa APN ɗin da kamfanin layinka ya bayar. Idan Linux ya gan shi a matsayin faifai maimakon modem, sa usb-modeswitch, ka zare shi ka sake sokawa, sannan ka koma minicom ka nemi OK kafin ka kira.